Fantekar Innarku da Hayaƙin Dalma

Na daɗe ina kewaya wannan babi. Na rubuta muku labarin kakanku da gonarsa, na rubuta shekarun da na yi ina koyarwa a lakol daga wannan ƙauye zuwa wancan, amma duk lokacin da na iso kan shekarar da aka huda fantekar Innarku sai in ajiye alƙalami in ce sai gobe. Yanzu ido ya fara gajiya, hannu kuma yana rawa, to da sunan Allah bari in faɗa. Abin da kuka sani shi ne, Innarku ta kamu da ciwon fuka saboda hayaƙin aikina, na yi alkawarin bari ban bari ba, har na ɗauki fantekar aurenta na yanka don in ci gaba da wasana. Haka kuke faɗa a tsakaninku, ina ji, bangon gidan nan ba shi da kauri. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu nake so in gyara, musamman saboda Babbarku, 'yar farinmu, wadda ta fi kowa riƙe abin a rai.

Gyaran rediyo ba sana'ata ba ce, ƙaiƙayin hannu ne kawai. Tun ina saurayin malami na buɗe bayan wata rediyo da ta daina magana, na taɓa nan na taɓa can, sai ta yi tari ta kama labarai. Daga ranar ban sake samun lafiya ba. Da muka zauna a Agiye na mai da ɗan shagon da ke jikin zaure wurin aikina, na sa tebur, na rataye ƙarfen liƙi, na ajiye dalma. Dalmar nan siririya ce kamar igiyar takalmi, a naɗe take zuwa, a cikinta kuma akwai wani ƙaro da ke sa ta kama waya. Da ka ɗora mata ƙarfe mai zafi sai ta narke, ƙaron ya ƙone, wani siririn farin hayaƙi ya miƙe kai tsaye zuwa hancin mai aiki. Maƙwabta suna kawo rediyo da tocila, daga baya aka koma fitilun rana da cajar salula. Fulanin da ke sauka gonaki bayan girbi su ma su kawo nasu, wani ya bar mini ƙwaryar nono, wani ya bar mini addu'a.

Hayaƙin nan yana da ƙamshi, kuma a nan muka ɓata. Ƙamshinsa ɗaya da na hanon da mata ke zubawa a kaskon turaren wuta. Innarku 'yar Cadakori ce, gidansu gidan turare ne, uwarta ita ke haɗa wa amaren unguwarsu. A wurinta duk hayaƙin da ya yi ƙamshin ƙaro magani ne. Takan rataye mayafinta a ƙusar da ke saman teburina don ya ɗauki ƙamshi, in mura ta kama ta kuwa har matsowa take yi ta shaƙa da gangan. Ni kuma da nake tsayawa gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane tsabta da kiwon lafiya, ban taɓa tambayar kaina abin da ke cikin wannan hayaƙi ba. Wannan laifina ne, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Sai in faɗa muku abin da ya fara kawo ta shagon, domin in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Kakarku, uwata, tare muka zauna da ita har ta rasu. A gidan da uwar miji take, mace ba ta zama kusa da mijinta da rana ana gani, ko magana ce ta kama sai a yi ta a tsaye, ido a ƙasa. Na yi shekara uku da aure ban san yadda fuskar Innarku take ba idan tana dariya da rana. Wata la'asar wata waya ta ƙi tsaya mini. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na riƙe da dalma, na uku babu. Na leƙa tsakar gida na ce a zo a riƙe mini waya. Ta zo ta riƙe. Washegari ma wata wayar ta ƙi tsayawa, Allah ya sani ba laifin wayar ba ne. Kakarku ta gane sarai, ta yi kamar ba ta gane ba. Har ya kai ita da kanta in an idar da la'asar takan ce da ita ta tashi, wayar Mushe tana jira. Mushe, wato malam a bakin Faransanci, shi ne sunan da kowa ke kirana da shi saboda aikin lakol, Innarku ma da shi ta kira ni har ta bar duniya.

Daga la'asar zuwa kiran magariba, shekara talatin, a kan wata 'yar kujerar mata a gefen teburina. Wayar da ta riƙe da gaske ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Sauran lokacin tana tsintar shinkafa ne ko ɓarar gyaɗa, muna hira. A nan muka zaɓi sunayenku, a nan muka yi faɗa muka shirya ba wanda ya ji. A kan kujerar nan ta matsa mini wata guda cur har na yarda Babbarku ta tafi karatun jinya, lokacin da dangina duka suke cewa a'a. Ba mu da wani wuri a duniya sai wannan shago.

Shekarar da na ajiye aikin lakol, lokaci ya yi mini yawa. Na koma shiga shago tun hantsi, ita ma ta samu sarari tunda surukai sun karɓi girki. Tari ya fara mata bayan girbi, muka ce sanyi ne. Ta sha jiƙo, ta ƙara matsowa kusa da hayaƙin tana neman sauƙi. Wata rana tana tsakiyar ba ni labari sai maganar ta yanke. Ƙirjinta ya kama wani irin fito, ta dafe tebur, ta zuba mini ido. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka sa ta a motar haya zuwa Maraɗi, asibitin da Babbarku take aiki. Da numfashi ya dawo, lokotoro, wato likita, ya yi ta tambaya: tana girki da itace, ana turare a ɗakinta, me take shaƙa kullum? Innarku, baiwar Allah, ta ce babu komai sai ƙamshin aikin Mushe, shi kuwa ai magani ne. Lokotoro ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Ya ce hayaƙin ƙaron dalma yana cikin abubuwan da aka sani suna toshe ƙirji, shi ya sa a manyan wuraren aiki ake kafa abin da ke zuƙe shi kafin ya kai hanci. Ban iya ɗaga kai ba, ga 'yata a tsaye a bayansa da farar riga.

Da muka dawo gida Babbarku ta tara ku a tsakar gida. Ta durƙusa yadda ya kamata, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Sai dai ka zaɓa, ko ƙarfen nan ko Inna."

Ban yi musu ba, gaskiya ta faɗa. Na rufe shagon da kwaɗo a gabanku duka, na miƙa wa Innarku makulli, na ce na bari. Ku riƙe wannan a ranku, makulli a hannunta na sa shi.

Wata biyu na yi ina zama gindin dogon yaron ƙofar gida, hannuwana a kan gwiwa, ina mai da masu rediyo da haƙuri. Wannan ba komai ba ne, mutum yana iya barin abin da yake so. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gidan ya cika da surukai da jikoki, kunyar da muka yi wa uwata yanzu matan 'ya'yanmu muke yi wa, ta ma fi tsanani. Ba inda za mu zauna. In na shigo ta ce sannu, in ce yauwa. In an kawo tuwo ta aiko jika. Ƙirjinta ya yi sauƙi, ina jin daɗin haka, amma na ga ta rage magana, ta rage ci, tana zama a ƙofar ɗakinta da tire a cinya ba ta tsintar komai. Wata rana da muka haɗu a zaure na ce mata ina ta tunanin abin nan da lokotoro ya ambata, mai zuƙe hayaƙi. Na ce ba wani abin mamaki ba ne, fanka ce da bututu da baki mai faɗi kamar mazurari. Hira kawai na yi don in samu abin faɗa, ta wuce abinta.

Bayan kwana uku na dawo daga sallar la'asar na tarar da shagon a buɗe. Tana zaune a kujerarta, ta kife babbar fantekarta a ƙasa, farar nan mai jan fure da uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta, wadda take saman jerenta tun kafin a haifi ɗayanku. A hannunta akwai ƙusa da guduma.

"Mushe, zo ka riƙe mani."

Na ce mata na yi alkawari a gaban yara, fantekar kuma ta uwarta ce, ba za a samu irinta ba ko an zagaye kasuwa.

"Hwanteka ta daɗe bisa jere ba ta yi ma kowa komi ba," in ji ta. "Ni ban iya zaman ga, gida guda muna sannu da yauwa kamar baƙi. Hayaƙin ga ba shi da wayau, inda anka ja shi nan shika bi. Ka yi mashi hanya, ni in zamna wurina."

Kafin in sake buɗe baki ta buga. Ƙusar ta zame, ta huda gefe, ta ɓantare fentin wani fure. Sai na durƙusa na riƙe mata fantekar, kamar yadda ta riƙe mini waya shekara talatin. A lokacin na san ina karya alkawarin da na yi wa 'yata, na kuma san ba zan iya ce wa matar nan ta tashi ta koma ƙofar ɗakinta ba.

Aikin ya ci mini mako uku. Na yanke gindin fantekar da kurfi irin na maƙera, na goge bakin. A wani gareji na samo ƙaramar fanka ta cikin matacciyar mota, irin wadda batir ke juyawa, batir kuwa ina da shi tare da allon rana a kan rufi. Ranar kasuwar Gangara na sayo tiyo mai faɗi. Na huda babban gwangwanin madara sama da ƙasa, na cika shi da gawayin da ta daka mini tsaka-tsaki, na tare shi da ƙyallen tsohon gidan sauro ta kowane gefe, don hayaƙin ya bar dattinsa a ciki kafin ya fita. Na ɗaure kowace mahaɗa da robar cikin taya. Fantekar na rataye ta a kife, tazarar taƙi ɗaya daga inda nake liƙi. Ranar gwaji ba mu ƙona dalma ba, ta kawo kaskonta da garwashi ta yafa ɗan turare kaɗan don mu ga inda hayaƙi zai bi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Na haɗa waya. Ashe na juya su, fankar maimakon ta ja sai ta huro, toka ta tashi ta rufe mini gemu da gira. Innarku ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni kuwa ina tsaye da toka a fuska ina roƙonta ta bari kada tarin ya tashi. Da na gyara wayoyin, hayaƙin ya lanƙwasa ya shige cikin fanteka ya ɓace. Muka tsaya muna kallo har garwashin ya mutu.

Saura inda bututun zai fita, kuma a nan na sake yin wauta. Na ce zan huda bangon yamma, shi ne kusa da tebur, gajeriyar hanya ta fi ƙarfin ja. Ta ce in kai shi sama da rufi. Ta ce duk macen da ta taɓa shiƙar hatsi ta san iska ba ta zama wuri ɗaya, yanzu daga gabas take zuwa, amma da bazara ta kama za ta juyo ta doki bangon nan. Na yi mata bayanin malaman lakol, da zane a takarda har da kibiya. Ta ce to. Duk tsawon rani abin ya yi aiki, na riƙa yi mata tsiya ina tambayarta ina iskar tata.

Iskar ta zo ranar wata Juma'a, farkon bazara. Ina liƙa wata fitila sai na ga hayaƙin ya tsaya ƙarƙashin fanteka yana shawagi, sannan ya dawo cikin shago. Kafin in zare ƙarfe tari ya sarƙe ta, tana laluben ɗan bututun shaƙar magani da lokotoro ya ba ta a ƙullin zane. Daidai lokacin Babbarku ta sauka daga mota ba tare da ta aiko ba, ta shigo zaure da jakarta. Ta ga shago a buɗe, ta ga uwarta tana fito, ta ga fantekar a rataye da rami a gindi. Ta fara taimakon uwarta tukuna, sai da numfashi ya daidaita sannan ta juyo.

"Baba, ashe rediyon mutane ya fi maka numfashin Inna. Har da fantekar kakata."

Na dubi Innarku. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kun san yadda muke da ɗan fari: ba mu kiran sunansa, ba mu wasa da shi, ba mu nuna masa cikinmu. Matar da ba ta taɓa ambaton sunan 'yarta ba, ta yaya za ta buɗe baki ta ce mata ni na buɗe shagon, domin ina son zama kusa da ubanki? Da ta faɗi haka gara mata ƙasa ta tsage. Sai na ce laifina ne. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma game da bangon yamma ba ƙarya na yi ba.

Ta tafi da ita Maraɗi mako biyu. Kafin su dawo na toshe ramin bango, na kai bututun sama da rufi yadda ta ce tun farko, na yi masa gwiwa a ƙarshe wadda ake juyawa da sanda. Na faɗaɗa taga. Na yi niyyar in ta dawo ta ce ta fasa, in rufe shagon har abada. Ranar da ta dawo, da aka yi la'asar, sai na ji tafiyarta a zaure. Ta tsaya a waje ta ɗebi ɗan dusa ta watsa sama, ta kalli inda ya bi, ta ce in juya bakin gabas. Sannan ta ja kujerarta kusa da ƙofa ta zauna. Na ce mata zan kira Babbarku in faɗa mata komai, ba zan iya ganin yarinyar nan tana kallona haka ba.

"Kada ka hwaɗa mata ina da rai, Mushe. Da wane ido zan dube ta? In na tahi, ka hwaɗi."

Na riƙe mata wannan shekara tara. Kullum da la'asar sai ta watsa dusa, in juya gwiwa, in kunna fanka kafin in kunna ƙarfe. Na rage aikin ya koma ɗan lokaci kaɗan, ranar da ƙirjinta ya yi nauyi ba na taɓa dalma sam, sai mu zauna kawai. Gawayi ina sauya shi in ya fara wari, hannu ina wankewa kafin in taɓa abinci, mayafi kuma bai sake hawa ƙusar nan ba. Fukar ba ta rabu da ita ba, amma ba ta sake kai ta kwance ba, kuma ba ita ce ajalinta ba bara. Duk da haka ba zan rantse muku cewa zaman shagon bai rage mata komai ba. Ban sani ba. Ina tambayar kaina, kuma zan tafi da tambayar. Abin da na sani shi ne ita ta zaɓa da hankalinta, ni kuma na bi ta, kuma a shekarun nan tara na ji dariyarta fiye da ta duk shekarun baya.

Yanzu da ke nake, Babba. Ba ki taɓa gaza mini ba. Kina zuwa, kina durƙusawa a zaure ki gaishe ni, kina aiko da maganin hawan jini kafin na hannuna ya ƙare. Amma tun ranar Juma'ar nan ƙafarki ba ta taka shagon ba, gaisuwarki kuma ba ta wuce gaisuwa. Ban ga laifinki ba, kin yi fushi ne saboda kina son uwarki, ni ma saboda haka na yi shiru. Ina kewarki ne kawai, kuma bakina ba zai iya faɗin wannan a gabanki ba, shi ya sa na ba takarda.

Fantekar tana nan a rataye. In kin ɗaga kai za ki ga babban yanka a tsakiya, zagayayye, an goge bakinsa, wannan aikina ne. A gefensa akwai wani ɗan rami karkatacce inda fentin jan fure ya ɓantare. Na toshe shi da roba don kada iska ta zurara, amma ana ganinsa. Wannan hannun uwarki ne. Kujerarta ma tana bakin ƙofa, ban bari kowa ya ɗauka ba.

Akwai wata rediyo a kan tebur yau kwana goma, waya ɗaya ce ta tsinke. Hannuna yana rawa, na kasa tsayar da ita, wannan karon kuma da gaske ne. Ramatu, in kin zo Juma'a, ki shigo ki riƙe mini.